Hoto Na Goma Sha Uku

Zuwa ga 'yata Me-ya-sa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, aiki kuma yana tafiya daidai. Innarki tana gaishe ki, ta ce in tambaye ki ko har yanzu kina mantawa da abincin rana in kin zauna gaban kwamfutar nan taki. Hawan jininta ya sauka, alhamdu lillahi. Ni kuwa kunnen nan sai abin da ya ƙaru. Jiya na gyara wa wani agogon bango, na tsaya ina ba shi haƙuri cewa har yanzu ya ƙi bugawa, ashe yana ta bugawa har mai shagon kusa ya leƙo. Shi ya sa na ce ki daina wahalar da kanki da kiran waya. Direba mai motar hayar nan yana zuwa wajenku duk mako, takarda kuma ba ta bukatar kunne.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin san gyambon da ciwon suga ya buɗe mini a ƙasan dunduniya. Mako goma sha biyu ke nan ina zuwa asibiti duk Alhamis ana wanke shi. Rub da ciki nake kwanciya, ba na ganin komai sai fentin bango, ƙafar kuma ta daina jin zafi balle ta ba ni labari. Na gwada madubi a gida, amma idon nan da ke ganin cikin agogo ba ya ganin abin da ya wuce tsawon hannu. Duk mako nas ɗin tana ɗaukar hoton wurin, kuma duk mako maganarta ɗaya ce: "Baba, yana kyau." Ni kuma shekara arba'in ina jin masu agogo suna rantse mini bai taɓa shiga ruwa ba, in buɗe in tarar da tsatsa. Don haka na matsa mata ta zuba mini hotunan a filash, na zo gida na soka a talabijin.

Sai da na bari Innarki ta fita, don kin san ko yankan wuƙa ta gani jiri take yi. Na jawo kujera har gwiwata tana taɓa teburin. A hoto na farko ramin ya kai fuskar agogon hannu na maza. Ban yi mamaki ba, haka aka fara. Waɗanda suka biyo baya kuwa sai da na yi hamdala da ƙarfi: ya tsuke, ya yi ja mai kyau, har ya dawo bai fi batirin agogo ba. Ina cikin murna sai ga wani ya faɗo, ramin ya koma kusan yadda aka fara. Daga nan sai jan ciki yake yi, kuma hoton ƙarshe bai kai waɗancan kyau ba.

Ke nan ciwon ya kusa haɗewa ya sake fashewa, kuma babu wanda ya gaya mini. Tun farko likita ya ce in wata uku ya cika za mu zauna mu yi wata magana. Na san maganar. Mutumin da muke zama benci ɗaya da shi an yi masa ita, yanzu da sanduna yake zuwa.

Alhamis mai zuwa ce ranar ganin likitan. Ba zan je ba. Gara in zauna a shagona yadda nake har iya kwanan da Allah ya ɗibar mini, da in shiga ɗakin da ake yi mini murmushi ana wasa wuƙa. Kada Innarki ta ji, na ce mata an ba ni hutu ne. Ke kaɗai na gaya wa, don ke ce ba kya kuka kafin ki gama karanta takarda.

Kawunki.

*

Kawu,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, a gaishe mini da Inna. Direba yana bakin ofis bai ma kashe mota ba, a tsaye nake rubutu. Don Allah ka amsa mini waɗannan daidai, kada ka yi kintace.

Na ɗaya, hotunan nawa ne duka?

Na biyu, bayan na farko, masu kyau nawa ne suka jeru kafin mummunan ya faɗo?

Na uku, daga mummunan zuwa na ƙarshe, raguwa yake ta yi a hankali, ko akwai inda ya sake tsalle?

Na huɗu, talabijin ɗin yana rubuta sunan hoto a ƙasa, ko hoton kawai yake nunawa?

Ina zargin matsalar ba a ƙafar take ba, amma ba zan ce komai ba sai na tabbata. Ka je asibiti ranar Alhamis.

'Yarka.

*

Me-ya-sa,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Innarki ta ce kin kira sau uku, ni na ce ta ce miki ina shago.

Direba ya tafi hannu wofi makon jiya, kuma da gangan na yi. Na karanta takardarki na juya bayanta ko akwai saura, babu. Na girgiza ambulan, babu. Na gaya miki ƙafata za ta tafi, kin aiko mini da fom irin wanda ake cikewa a tagar asibiti. Ko "sannu" ɗaya ban gani ba. Kuma kin ce matsalar ba a ƙafar take ba. To a ina take? In kina nufin tsufa ya fara taɓa kaina, ki fito fili ki faɗa, na ji abin da ya fi wannan.

Ranar da Yaya, mahaifiyarki, ta rasu kina shekara shida, ni na ɗauko ki a kafaɗa na kawo ki gidan nan. A ƙarƙashin teburin aikina kika girma, kina tsintar sukurori kina damuna da me ya sa wannan, me ya sa wancan, har sunan ya bi ki. Ban taɓa gajiya da tambayarki ba. Wannan karon ne kawai ta yi mini zafi, kuma na ga gara in faɗa miki da in riƙe.

Duk da haka ga amsoshinki, don ban iya barin tambaya a buɗe ba. Na sake kallo sau biyu da takarda a hannu. Hotuna goma sha biyu ne. Masu kyau uku ne bayan na farko, na biyar shi ne mummunan. Daga shi zuwa ƙarshe guda takwas ne, raguwa suke yi a hankali, babu tsalle. Talabijin ba ya rubuta komai, hoto kawai yake sakowa ɗaya bayan ɗaya.

Alhamis biyu ke nan ban je ba. Da kaina nake naɗe wurin da lalube, a bayan shago. Nas ɗin ta kira wayar Innarki, na karɓa na ce na yi tafiya. Ba na jin zafi, don haka kada ki tayar da hankalinki, in ma yana tashi.

Kawunki.

*

Kawuna,

Sannu. Sannu da jiki, sannu da tsoron da ka kwana da shi kai kaɗai duk kwanakin nan. Da ita ya kamata in fara, ban fara ba, ka yafe mini. Ka ce ba na kuka kafin in gama karanta takarda, gaskiya ne. Bayan na gama nake yi. Ran nan, Direba yana jan mota na shiga banɗakin ofis na kulle. Kuma ban taɓa tunanin kanka ya taɓu ba, talabijin nake zargi. Na ji tsoron in ce maka "kada ka damu" alhali ban tabbata ba, ka riƙe maganata, ta zo ta karye a hannunka. A aikinmu na rubuta manhaja an hore mu kada mu ce mun gano matsala sai mun sa ta sake faruwa a gabanmu, ni kuma na kwaso halin ofis na kawo maka gida.

Yanzu na tabbata, kuma ga yadda na yi. Na yanka takarda goma sha biyu, na rubuta lamba a kowacce da babban alƙalami, na ɗauki hotonsu, na sa musu suna yadda nake jin nas ɗinka ta sa: hoto1, hoto2, har hoto12. Akwai wani tsohon talabijin a ɗakin taronmu, kusa da bokitin da ke tare ɗigon na'urar sanyi. Na soka filash ɗin. Kawu, ga yadda suka fito: 1, 10, 11, 12, sannan 2, 3, 4, har zuwa 9. Ɗaya a gaba, uku a bayansa, takwas a ƙarshe. Daidai da ƙirgenka.

Dalilin shi ne irin wannan na'ura ba ta san goma ba. Kai in ka ga 10 ka ga adadi guda, wanda ya fi tara. Ita alama biyu take gani, ɗaya da sifili, kuma tana jera sunaye ne alama bayan alama daga hagu. Ta dubi 10 da 2, ta ga wannan ya fara da ɗaya, wancan ya fara da biyu, ɗaya kuma yana gaban biyu, shi ke nan ta gama shari'a, ba ta ƙara duban gaba. Akwai na'urorin da aka koya wa ƙirge irin na mutane, naka ba ya cikinsu. Ka ma san maganin tun kafin a haife ni. Me ya sa agogon lamba yake rubuta 9:05 ba 9:5 ba? Da an sa wa hotunan 01, 02, 03, da kowanne ya tsaya a layinsa.

Ma'ana, hotuna uku masu kyau da ka yi wa hamdala ba na farkon jinya ba ne. Su ne na mako na goma, da sha ɗaya, da sha biyu. Wanda ka ce bai fi batirin agogo ba, shi ne ƙafarka a ranar Alhamis ta ƙarshe da ka je. Mummunan da ya faɗo maka kuwa na mako na biyu ne. Ciwon bai taɓa fashewa ba, kuma matar nan ba ta yi maka ƙarya ba ko sau ɗaya.

Na san ka, ba ka sayen magana da baki, ko tawa ce. Kai ka koya mini cewa in agogo ya yi latti ba a zaginsa, buɗewa ake yi a gwada abu ɗaya a ga ko zai yi abin da aka zata. To ga gwaji. Ka koma asibiti ta ɗauki hoto na goma sha uku, ta sa masa suna kamar sauran. In kai ke da gaskiya, a ƙarshe zai fito, bayan duka. In ni ke da gaskiya, shi ne zai zo na biyar. In ya fito a ƙarshe, zan ɗauki hutu in zo, mu shiga wajen likitan tare, duk abin da zai faɗa ya faɗa mana mu biyu.

Amma ka yi sauri, don Allah. Rashin jin zafin nan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro, kuma lalube ba ya ganin ƙwayar cuta. Na riƙe maka sirrinka, Inna tana tambayata me ya sa muryata ta canza ina ce mata mura ce. Ba zan iya wuce wannan Alhamis ɗin ina yi mata haka ba.

'Yarka da ke ƙaunarka,
Me-ya-sa.

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fata murar ƙaryar ta sake ki. Mu nan da sauƙi.

Na je. Ban je don na yarda da ke ba, na je ne don in kama ki da kuskure. Nas ɗin tana ganina ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Baba, sannu da dawowa daga tafiya." Ban iya haɗa ido da ita ba. Da ta kwance naɗin da na yi, a karon farko ba ta ce yana kyau ba. Kafin ta ɗauki hoton na zaro ƙaramin sukudirebana mai jan kai daga aljihu na ce ta ajiye shi gefen dunduniyar, don in gane sabon hoton ko a ina ya ɓuya. Ta dube ni, ta dai ajiye.

Na dawo gida na soka filash. Na farko ya wuce, na lanƙwasa yatsa. Na biyu, na uku, na huɗu. Na matso da fuskata kusa da talabijin. Sai ga jan kan sukudirebana a na biyar.

Na daɗe a kujerar nan. Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma da yake yanzu na san wanda ke gabansa shi ne na sha biyu, sai na ga abin da ba na son gani. Na sha ukun ya fi shi faɗi, gefensa ya kumbura. Wata uku matar nan tana rufe ramin nan a hankali, ni na buɗe shi da hannuna cikin mako uku. Abin da na zarge su da ɓoyewa bai faru ba sai da na daina zuwa.

Likita ya gan ni a ranar. Ya rubuta magani mai ƙarfi, ya hana ni taka ƙafar, ya ce yanzu sau biyu a mako zan riƙa zuwa. Na tambaye shi maganar da ya ce za mu yi. Ya ce da na zo a ranar da aka sa mini, da sallama ce za mu fara shiryawa, yanzu kuwa sai ya ga yadda mako huɗu masu zuwa za su kasance. Bai ce wuƙa ba, bai kuma ce babu ita ba.

Na gaya wa Innarki komai. Yini guda ba ta yi mini magana ba, ta dai ajiye mini abinci da ƙarfi. Yanzu ita ke raka ni, ta zauna ta ba ƙafar baya tana hira da bango.

Saura magana ɗaya. Da na ba nas ɗin haƙuri na kwashe labarin na gaya mata, sai ta riƙe baki ta ce, "Baba, ai akwai maɓalli a rimot da ke nuna sunan hoto." Na dawo na lalubo shi na danna, ga sunaye ɓaro-ɓaro, hoto10 yana bin hoto1. Ashe daga kan kujerata zan iya gane gaskiya, ba sai na je ko'ina ba. Ke da kike kwana kina tashi da na'urori, kada ki ce mini ba ki san da maɓallin nan ba.

Kawunki.

*

Kawuna,

Wa alaikumus salam. Sannu da jiki, ka ga na koyi darasi. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa maganin ya karɓe ka. Ka ce wa Inna ta yafe mini murar.

Na san da maɓallin. Har na rubuta shi a takardar da na ba ka gwaji, na yage na sake wata. Na zauna na bi abin ɗaya bayan ɗaya yadda nake bin manhaja: in ka danna ka ga sunaye, za ka yi murna, sannan kunyar nas ɗin ta kama ka, ka ce bari sai mako mai zuwa, mako mai zuwa ma ka ce haka. Gwaji biyu ne a hannuna, duka za su nuna gaskiya, amma ɗaya ne kawai yake bi ta ƙofar asibiti. In laifi ne na ɗauka.

Ka ce wa nas ɗin ta sake wa hotunan suna. Ni da zan yi, sifili biyu zan sa, 001, 002, don mu a wajen aiki kullum muna barin wuri saboda abin da ba a zata ba. Da sifili ɗaya, ranar da aka kai ɗari layin zai sake rikicewa.

Ina ƙirga makonni huɗun nan tare da kai.

'Yarka.

*

'Yata Me-ya-sa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, lafiya ta gaske wannan karon. Na yi shiru ne don ban so in rubuto miki rabin labari.

Jiya likita ya duba hoto na goma sha bakwai, ya duba ƙafar, ya daɗe yana latsawa. Sannan ya ce kumburin ya tafi, nama yana tasowa, maganar da nake tsoro kuma ya ajiye ta. Innarki da ke fuskantar bango ta juyo ba ta sani ba, ta ga ƙafar, ta nemi kujera. Sai da nas ɗin ta bar ni ta koma yi mata fifita.

An sake wa hotunan suna, na kalle su a jere tun daga na farko, sau uku. Amma sifili ɗaya na ce ta sa. Na fahimci dalilinki, ban kuma ce ba ku da gaskiya a wajen aikinku ba. Sai dai tun daga na sha uku sukudirebana yana cikin kowane hoto, na san tsawonsa, don haka na auna ramin a jikin talabijin mako bayan mako na yi lissafina. Ba za mu kai ashirin da biyar ba, in Allah ya yarda. Ba ni da niyyar bar wa ciwon nan wurin zama har ɗari.

An auna mini wani takalmi mai laushi, mummuna ne ƙwarai, likita ya ce nan da wata guda zan fara takawa da shi. Ki nemi hutunki ya faɗo bayan nan, ki gaya wa Direba ranar. In kin sauka a tasha kada ki hau komai, ki tsaya a bakin ƙofa. Zan zo in tarbe ki a ƙasa. Zan yi latti, ki jira ni.

Kawunki.